Wa Zai Kai Shi Bakin Ruwa?

Karatu: Yahaya 5:1-9; 2 Sarakuna 8:1-6; 2 Sama'ila 9:1-13

A Urushalima, kusa da Ƙofar Tumaki, akwai wani tafki mai shirayi biyar da ake kira Baitasda. Manzo Yahaya ya nuna cewa a cikin shirayin nan makafi da guragu da shanyayyu suke kwance jingim, kowa yana jiran ruwan ya motsa, domin an gaskata cewa wanda ya riga shiga shi ne zai warke. A cikinsu akwai wani mutum da ya shekara 38 yana fama da rashin lafiya. Da Ubangiji Yesu ya tambaye shi ko yana so ya warke, mutumin bai kai ƙarar ruwan ba. Ruwa yana nan, taku kaɗan ne tsakaninsu. Kukansa shi ne ba shi da wanda zai ɗauke shi ya sa shi a ciki, kafin ya ja jiki ya isa kuwa wani ya riga shi.

Wanda ya san unguwannin Hausawa na Legas ya san wannan kuka. Tun da layin dogo ya haɗa Legas da Kano a 1912, fataken goro da na shanu suka yi ta sauka a Agege, har wurin ya zama gari a cikin gari, da sarkinsa da kasuwanninsa. Idi-Araba, da Obalende, da kasuwar Mile 12 su ma suka cika da mutanen Arewa. A cikin wannan taro akwai masu bi da yawa daga Kudancin Kaduna, Filato, Bauchi, Gombe, Adamawa da Borno, waɗanda suke sujada da Hausa ran Lahadi, ran Litinin kuma su koma bakin ƙofar da suke gadi, ko wurin gini, ko mayankar Oko-Oba, ko kan babur. Mafi yawansu ba su da wani jari sai jikinsu. Ran da jikin ya ƙi, ko don an faɗo daga saman gini, ko mota ta kaɗe mutum a hanyar Abeokuta, ko hawan jini ya shanye ɓarin jiki, ko ciwon suga ya ci ido, to, ran nan abinci ya yanke. Mai gida zai zo karɓar kuɗin haya na shekara, makaranta za ta koro yara, matar da take sayar da ɗan abinci a bakin titi za ta koma jinya. Bayan 'yan watanni sai iyali su ga hanya biyu kaɗai a gabansu: a sa mutum a mota a mai da shi ƙauye, ko kuwa ya bi sahun masu zama a gindin gada da ƙoƙo a hannu. Wanda ya taɓa leƙa mazaunin naƙasassu na Oko-Baba a Ebute Metta ya ga inda hanya ta biyu take kai mutum.

Akwai hanya ta uku. Matsattsiya ce, cike take da takardu da ƙa'idodin lokaci, ba kuma kowa take ɗauka ba. Amma tana nan, kuma yawancin waɗanda suka cancanta ba sa bin ta, saboda dalilin mutumin Baitasda.

Neman hakki ba bara ba ne

Abin da yake fara tsare mai bi shi ne kunya. Magidancin da ya shekara 20 yana ciyar da gidansa da guminsa yakan ga zuwa ofishin gwamnati da takardar likita kamar miƙa hannu ne. Wasu 'yan'uwa ma sukan ƙara masa nauyi da aya, su tuna masa da 2 Tasalonikawa 3:10, inda Manzo Bulus ya haɗa cin abinci da yin aiki. Wannan karkatar da Maganar Allah ne. Bulus yana tsauta wa masu ƙarfi ne waɗanda suka ƙi aiki da gangan, suna zaman banza da shisshigi cikin sha'anin mutane. Tsakanin wanda ya ƙi da wanda ya kasa akwai rata mai faɗi, Bulus kuwa ya san ta, domin shi ne ya umarci masu ƙarfi su yi aiki su taimaki raunana. Wasu kuma sukan koma tonon zunubi, su ce lalle akwai abin da mutumin ya aikata. Almajirai sun yi wannan tambaya a kan wanda aka haifa makaho a Yahaya 9, Ubangiji kuwa ya kawar da ita nan take.

A Shari'ar Musa rabon marar ƙarfi doka ne. An hana manomi girbe gefen gonarsa, an hana shi komawa kala, domin wannan rabon matalauci ne da baƙo (Littafin Firistoci 19:9-10). Rut da ta shiga gonar Bo'aza hakkinta ta je ɗauka. A babin nan kuma aka hana zagin kurma da sa wa makaho abin tuntuɓe.

Labarin matar Shunem ya fi kusa da zancen ofis. Yunwa ta sa ta yi shekara bakwai a ƙasar Filistiyawa, da ta dawo ta tarar gidanta da gonarta sun shiga hannun wasu. Mace ce mai bangaskiya, wadda Allah ya tashi ɗanta daga matattu ta hannun Elisha, duk da haka ba ta zauna a ɗaki tana jiran wata mu'ujiza ba. Ta tafi fada ta kai kukanta. Ta yi dace Gehazi yana gaban sarki, ya shaida cewa ita ce matar, wannan kuma shi ne ɗan. Sarki ya haɗa ta da wani jami'i, ya ce a mayar mata da kome, har da amfanin gonar tun daga ranar da ta bar ƙasar. A lura da abin da ya fisshe ta: ta je da kanta, ta sami mai shaida, aka kuma ba ta wanda zai bi maganar har ƙarshe. Allah ya yi aikinsa ta hanyar fada, bai ga wannan ya rage masa ɗaukaka ba.

Abin da doka ta tanada

Dole a faɗi gaskiya tun da fari, domin kada a sa wa marar lafiya rai a banza. Gwamnatin Tarayyar Nijeriya ba ta da wani albashin wata-wata da take biyan kowane naƙasasshe don naƙasarsa kawai. Afirka ta Kudu tana da irin wannan, bayan likita ya duba mutum an kuma auna abin hannunsa. A gida, Jihar Jigawa ta fara biyan wasu naƙasassu Naira 7,000 a wata a 2007, zamanin Gwamna Sule Lamido, amma wannan na 'yan jihar ne. Saboda haka duk wanda ya zo unguwa da fom yana cewa a biya shi ya sa sunan mutum cikin albashin naƙasassu na tarayya, a riƙe aljihu.

Tanadin da ya fi ƙarfi, wanda kuma aka fi jahilta, shi ne Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF take gudanarwa. Dokar ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya a wata cikin wani asusu, ta kuma hana shi cire wannan kuɗi daga albashin ma'aikaci. Idan ma'aikaci ya ji rauni a bakin aiki, ko ya kamu da cutar da aikin ya jawo, daga asusun nan za a biya shi. Har hatsarin da ya same shi a hanya tsakanin gidansa da wurin aiki yana ciki. Wanda raunin ya hana shi aiki gaba ɗaya har abada, doka ta yanka masa kashi 90 cikin 100 na albashinsa kowane wata. Wanda raunin ya rage masa ƙarfi, ana auna abin da ya rasa a biya shi gwargwado. Akwai kuma kuɗin magani, da ƙafar roba ko makamancinta, da koyar da wata sana'a.

Mutane da yawa suna tsammani wannan na masu ɗaure wuya da taye ne. Ba haka dokar ta ce ba. Ta lissafa ma'aikacin wucin gadi, da mai koyon aiki, da wanda aka ɗauka da baki ba tare da takarda ba, har da mai aikin gida wanda ba dangin mai gidan ba ne. Mai gadi da direba da lebura duk ma'aikata ne a idon wannan doka. Sojoji ne aka ware, domin suna da nasu tsarin.

Inda ake faɗuwa shi ne lokaci. Ma'aikaci, ko wani nasa, zai sanar da mai aikin cikin kwana 14. Shi mai aikin zai kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7 da aukuwar abin. Takardar neman diyya kuma a shigar da ita cikin shekara ɗaya, sai dai in akwai uzuri na musamman, wanda zai iya kaiwa shekara uku. A yi tunanin mutumin da yake kwance a asibitin ƙashi na Igbobi da karaya biyu, matarsa tana faɗi-tashin neman jini da kuɗin tiyata. Wa yake ƙirga kwana 14 a gidan nan? A cikin kwanakin ne kuma wakilin kamfani yakan zo da ambulan, da fuskar tausayi, da wata takarda da yake so a dangwala mata hannu cewa magana ta ƙare. Iyalin da yunwa ta matsa sukan karɓa da godiya. Ya kamata su sani dokar ta ce yarjejeniyar da ma'aikaci zai yi don ya yafe hakkinsa na diyya ba ta da ƙarfi. Duk da haka, gara kada a sa hannu a kan abin da ba a karanta ba.

Na biyu shi ne fansho. A ƙarƙashin dokar fansho ta 2014, kuɗin da aka tara wa ma'aikaci ba a taɓa shi sai ya kai shekara 50, amma wanda ƙwararren likita ko kwamitin likitoci ya tabbatar ba zai ƙara iya aikinsa ba yana da izinin karɓa kafin nan. Wannan kuɗinsa ne, ba kyautar kowa ba.

Na uku shi ne rajistar naƙasa. A watan Janairu 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda ta haifi Hukumar Naƙasassu ta Ƙasa a 2020. Dokar ta tanadi karatu kyauta har sakandare, da fifiko a layi, da guraben aiki kashi 5 cikin 100 a ma'aikatun gwamnati gwargwadon iko, ta kuma haramta amfani da naƙasasshe wajen bara. Ta yi maganar takardar shaida iri biyu: ta wucin gadi, wadda ba ta wuce kwana 180, da ta dindindin idan lalurar ta zarce haka. Jihar Legas ta riga tarayya, domin tun 2011, zamanin Gwamna Babatunde Fashola, take da tata dokar, wadda ta kafa ofishin LASODA mai rajistar naƙasassun jihar. A 2016 gwamnatin Akinwunmi Ambode ta sanar da asusun Naira miliyan 500 dominsu. Taimako irin wannan yakan zo jefi-jefi, keken guragu ne, ko jari, ko tallafin karatu, kuma wanda sunansa ba ya cikin rajista ko labari ba ya ji.

Kowace ƙofa cikin ukun nan takarda take tambaya: rahoton likita, katin asibiti, lambar NIN, katin zama ɗan Legas na LASRRA, shaidar wurin aiki, rahoton 'yan sanda in hatsarin hanya ne. A nan wata 'yar matsala takan ɓata babban al'amari. Mutum ɗaya ne, amma Yohanna ne a katin baftisma, John a katin kamfani, sunan kakansa kuma a banki, shekarar haihuwa ma kowane kati da tasa. Ma'aikacin ofis ba ya ganin ƙafar da aka yanke, sunan da bai dace ba yake gani. Gyaran suna aiki ne da ya kamata a yi tun ana da lafiya.

Hattara da Ziba

Mefiboshet ɗan Jonatan yana da shekara biyar mai renonsa ta ɗauke shi da gudu, ya faɗi ya gurgunce. Ya girma a Lodebar, a gidan wani, an manta da shi. Da Dawuda ya nemo shi, bai sallame shi da buhun hatsi ba. Ya mayar masa da dukan gonakin kakansa Saul, ya sa Ziba da 'ya'yansa 15 da barorinsa 20 su riƙa nome masa, sa'an nan ya ba shi wuri a teburin sarki. Gona ta ba shi abin kansa, tebur ya mayar masa da mutunci.

Amma labarin yana da wutsiya, a babi na 16 da na 19. Sa'ad da Absalom ya yi tawaye, Ziba ya ɗaura wa jakuna sirdi, ya kai wa sarki guzuri, ya bar ubangidansa a gida ba abin hawa, ya kuma yi masa ƙazafi cewa yana neman sarauta. Sarki ya ba shi gonakin nan take. Ko da gaskiya ta fito daga baya, rabi kaɗai Mefiboshet ya samu. Gurgu ba ya iya bin sawun maganarsa, don haka wanda yake kai masa saƙo yana riƙe da rayuwarsa a hannu. Ziba yana nan har yau. Shi ne ɗan'uwan da ya riƙe katin banki, shi ne wanda ya ce ya san wani a ofis a ba shi na mota, shi ne wanda ya rubuta sunayen naƙasassun unguwa ya karɓo kaya ya sayar. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, Ziba kuwa ya ci ladan ya tafi da askar. Saboda haka kada mutum ɗaya ya riƙe maganar marar lafiya shi kaɗai. Su zama biyu, kuɗi ya shiga asusun mai shi, a riƙa karanta masa kowace takarda da harshen da yake ji.

Gaskiyar da ake nema wurin mai rakiya, ita ake nema wurin mai nema. Mai bi ba ya sayen takardar likita, ba ya ƙara wa ciwonsa gishiri, ba ya ce a bakin aiki ya ji rauni alhali a wani wuri ne. Doka ta sa hukunci a kan samun takardar naƙasa ta haramtacciyar hanya, amma ko ba doka, wanda ya yi haka ya tsallake wani gurgu na gaske ne ya faɗa ruwan.

Aikin ikilisiya

A Kafarnahum mutum huɗu suka ɗauko shanyayye, suka tarar ƙofa ta cushe, suka hau soro suka buɗe rufi suka zura shi (Markus 2). Markus ya ce bangaskiyarsu Yesu ya gani. Bangaskiyar nan tana da kafaɗu da igiya. A Legas ɗaukar shanyayye yana nufin wani ya bar aikinsa na yini, ya shiga cunkoson hanyar Ikeja, ya hau bene da mutum a baya, ya yi magana da Turanci ko Yarabanci a madadinsa, a ce masa ya dawo mako mai zuwa, ya kuma dawo.

Ikilisiyar farko ta gamu da irin wannan. A Ayyukan Manzanni 6 gwaurayen da suke jin Helenanci ne ake tsallakewa wajen rabon abinci. Manzanni ba su ce a yi haƙuri ba, sun sa aka zaɓi mutum bakwai aka danƙa musu aikin, dukansu kuwa sunayen Helenanci gare su, wato an zaɓo masu jin harshen waɗanda aka manta. Da wuya a sami majami'ar Hausa a Legas da ba ta da nas, ko malamin makaranta, ko ɗan sanda, ko magatakarda, ko ɗalibin lauya. A ware biyu ko uku daga cikinsu. Ran da aka ji ɗan'uwa ya yi hatsari, masu addu'a su tafi asibiti, ɗaya kuma ya rubuta kwanan wata, da sunan wurin, da waɗanda suka gani, ya kai wa mai aikin wasiƙa ya karɓo shaidar an karɓa. Zumuntar Mata, da ta fi kowa sanin gidan da ba a ɗora tukunya ba, ita ce za ta fara kawo labari. Maƙwabci Musulmi da suke haya gida ɗaya, in ya faɗi, shi ma a raka shi, domin mutumin Baitasda bai ma san sunan wanda ya warkar da shi ba.

Akwai kuma masu bi da Allah ya ɗaukaka, suna da kamfanin gadi, ko shago, ko makaranta, ko direba da mai aiki a gida. Yakubu 5:4 ya yi kashedi cewa hakkin ma'aikaci da aka danne yana kuka har kunnen Ubangiji. Wanda yake ba da zakka a majami'a amma bai yi wa ma'aikatansa rajista ba, ya sake duba lissafinsa. Majami'ar kanta, in tana biyan mai gadi da mai shara, ita ma mai ɗaukar ma'aikata ce.

Saura waɗanda babu ƙofar diyya ko ta fansho dominsu, su ne kuwa mafi yawa: ɗan acaba mai babur na kansa, ɗan dako a Mile 12, mai tura ruwa, mai shayi. Ba su da mai aikin da zai zuba musu kome. A yi musu rajistar jiha, a kuma nuna wa masu lafiya tsarin ƙaramin fansho na masu sana'ar hannu da aka buɗe a 2019. Bayan wannan nauyin ya koma inda 1 Timoti 5 ya ajiye shi: dangi tukuna, sa'an nan ikilisiya ga wanda ba shi da kowa. Baiko na rana ɗaya a gaban jama'a, da kiran sunan mutum a lasifika, yakan bar shi da kunya fiye da kuɗi. Ƙaramin abu da yake zuwa kowane wata a asirce, ko kuɗin makarantar yaro ɗaya, ko jarin da matar za ta juya, ya fi riƙe gida.

Kada kuma a yi saurin yanke cewa wanda ya kasa aikinsa na dā ya kasa kowane aiki. Mishan ta buɗe makarantar makafi a Gindiri tun 1953 a kan wannan fahimta. Ayuba Gufwan na Jihar Filato, wanda shan-inna ta kama tun yana yaro, ya yi karatun lauya, ya kafa wurin ƙera kekunan guragu a Jos wanda ya sa wa sunan ƙofar Haikalin nan ta Ayyukan Manzanni 3, a 2024 kuma aka naɗa shi Babban Sakataren Hukumar Naƙasassu ta Ƙasa. Mai gadin da ya rasa ƙafa bai rasa kansa ba. Yana iya riƙe littafin kuɗi, ya koyar a ajin baftisma, ya zauna cikin dattawa.

Sai dai kafin ya zauna cikin dattawa, sai ya iya shiga ɗakin. Dokar 2019 ta ba gine-ginen da jama'a suke shiga shekara biyar su gyara hanyarsu domin masu keke da masu sanda, wa'adin kuwa ya cika a Janairu 2024. Majami'u da yawa a Agege da kewaye suna hawa na biyu na gidan haya, wasu kuma suna da matakala uku ko huɗu a bakin ƙofa da kwata a gabanta. Akwai 'yan'uwa da aka rubuta cikin waɗanda suka ja da baya, alhali matakalar ce ta tsai da su. Inda ginin na ikilisiya ne, buhun siminti kaɗan da aikin Asabar ɗaya na matasa sun isa a zuba gangare a rufe kwatar. Inda bene ne na haya, a sa ƙarfafa huɗu a jerin masu hidimar Lahadi, a rubuta sunayensu a allo kamar yadda ake rubuta na mai wa'azi da na masu karɓar baiko.